Haƙƙi Kafin Kyauta: Nauyin Kamfanoni da Matsayin Mata a Kasuwancin Zangon Paraku da Jugu

Ma'anar batun

Nauyin al'umma da ke wuyan kamfani shi ne alhakin da kamfani ke ɗauka game da abin da neman ribarsa ke jawo wa mutane da muhalli. Mutanen sun haɗa da ma'aikatan da ya ɗauka, da manoman da yake sayen amfaninsu, da 'yan kasuwar da ke kai hajarsa lungu-lungu, da mazauna garin da ya kafa masana'antarsa. A Jamhuriyar Benin, inda Faransanci ne harshen ofis, ana taƙaita sunan da haruffa uku, RSE. Daidaito tsakanin maza da mata a kasuwanci kuwa yana nufin kada zaman mutum mace ko namiji ya zama shi ke yanke masa albashi, ko farashin kayansa, ko samun jari, ko kujera a inda ake yanke shawara.

Batutuwan biyu sun haɗu a arewacin Benin saboda dalili guda. Mata ne ke tsintar kaɗanya, su ke ɓare kashu, su ke tsinkar auduga, su ke kasa kayan masarufi a bakin titi, amma sunayensu sun yi ƙaranci a takardun kwangila da rajistar biyan kuɗi. Unguwannin Zango na Paraku da Jugu, inda Hausawa ke zaune tare da Dendawa, Zabarmawa, Yarbawa da Fulani, wuri ne da ake ganin wannan giɓi a fili, domin tun asali ciniki ne ya kafa su.

Asalin ra'ayin a duniya

An fara tattauna batun da wannan suna a Amurka. A 1953 masanin tattalin arziki Howard Bowen ya wallafa littafi kan nauyin da ke kan ɗan kasuwa game da jama'a. A 1970 Milton Friedman ya yi masa kishiya, yana ganin aikin kamfani shi ne ya ƙara riba muddin bai karya doka ba. A 1991 Archie Carroll ya jera nauyin hawa huɗu: kamfani ya tsaya da ƙafarsa, ya bi doka, ya kiyaye ɗa'a ko da doka ta yi shiru, sannan ya yi kyauta. Kyauta ce ta zo ƙarshe a jerin. Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin a wurinsa ma farilla na gaban nafila, biyan bashi kuma na gaban sadaka.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta shigo cikin maganar a 2000 da yarjejeniyar da kamfanoni ke sa wa hannu bisa raɗin kansu kan haƙƙin ɗan Adam, ƙwadago da muhalli. A 2010 ta fitar da ƙa'idoji bakwai na ƙarfafa mata a wurin aiki da kasuwa, shekarar da kuma aka fitar da ma'aunin ISO 26000 kan nauyin al'umma. A 2015 daidaiton maza da mata ya zama muradi na biyar cikin muradun ci gaba goma sha bakwai. Wasu ƙasashe sun mai da abin doka. Norway ta wajabta kashi 40 cikin ɗari na mata a majalisun gudanarwar manyan kamfanoni a 2003. Indiya ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu kan ayyukan jama'a a dokar 2013. Faransa kuma a 2017 ta ɗora wa manyan kamfanoninta sa ido kan yadda ake aiki a wurin masu kawo musu kaya, ko da a wata nahiya suke. Wannan na ƙarshe ya fi shafar Benin, tunda kaɗanya da kashu da audugarta a kasuwannin waje suke ƙarewa.

Zango da tsohon tsarin amana

Paraku da Jugu sun bunƙasa ne a kan hanyar fatake da ta haɗa ƙasar Hausa da Gwanja. A ƙarni na 19 ayarin jakuna kan taso daga Kano ko Sakkwato ɗauke da baƙaƙen tufafin rini, jemammiyar fata da kanwa, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Paraku, ya sauka Jugu, wadda fatake ke kira Zugu, kafin ya nufi Salaga ya sayo goro. Tafiyar kan ci watanni. A Jugu sarki na zaune a unguwar Kilir, 'yan kasuwa Musulmi kuma a unguwar Wangara. Inda ayari ke sauke kaya ya kwana shi ne zango, kuma sannu a hankali masaukin ya zama unguwa.

Cinikin ya tsaya ne a kan amana. Mai masauki yakan ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an ba shi bashi. Ladansa la'ada ce, jarinsa kuma sunansa. Wanda ya ci amanar baƙo ɗaya, labarinsa kan riga ayari isa zango na gaba. Sarkin zango da liman su ke sasanta rigima, madugu kuma shi ke biyan sarakunan hanya kuɗin wucewa a madadin kowa. Sama da wannan akwai zakka, da hani mai tsanani kan tauye mudu, wanda sura guda a Alƙur'ani ta ɗauki sunanta daga masu aikata shi. Ke nan, al'ummar Zango ta daɗe da ma'auninta na ɗan kasuwa nagari, kuma ma'aunin ya fi duba gaskiyar ciniki fiye da yawan kyauta.

Mata na cikin wannan tsari tun farko. Su ke dafa wa fatake abinci, su sayar musu da fura, ƙosai da man gyaɗa. Wasu kan bi ayarin da 'yar hajarsu. Sai dai muƙaman da ke riƙe da makullin ciniki, wato madugu, mai masauki da babban dillali, na maza ne. Da jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Paraku a 1936 bayan tafiyar kilomita 438, aka koma sauke kaya a nan ana loda wa manyan motoci zuwa Nijar. Mota ta maye gurbin jaki, amma rabon aikin bai sauya ba: sufuri da sari na maza, abinci da kiri na mata.

Inda mata suke a kasuwancin yau

A ƙidayar 2013 ƙaramar hukumar Paraku na da mutum 255,478, ta Jugu kuma 267,812. Sama da kashi tara cikin goma na masu aiki a Benin suna cikin sana'o'in da ba su da rajista, kuma rabon mata a ciki ya fi na maza. A babbar kasuwar Paraku, wadda ake kira Arzeke, sunan da ya fito daga kalmar arziki, mata ne suka fi yawa a rumfunan atamfa, kayan miya, hatsi da kayan kwalliya. A cikin unguwa kuma akwai kasuwar da baƙo ba ya gani: matar aure na soya waina ko awara, tana kwaɓa ƙuli-ƙuli, tana ɗinki ko kitso daga cikin gida, yara na kai talla, dillaliya na yawo gida-gida da zannuwa da kwanuka. Polly Hill ta rubuta kan irin wannan ɓoyayyen ciniki a ƙasar Katsina a 1969, Enid Schildkrout kuma ta nuna a Kano yadda ya rataya a wuyan yara masu talla. Jarinsa yawanci daga adashe yake fitowa.

Wannan yana da muhimmanci ga fahimtar nauyin kamfani. Alaƙar yawancin matan Zango da manyan kamfanoni takan zo ta ɗayan hanyoyi huɗu. Akwai mai kawo ɗanyen kaya, kamar mai tsintar kaɗanya. Akwai 'yar aikin wucin gadi a masana'anta, wadda ake biya gwargwadon kilon da ta ɓare. Akwai mai kiri, wadda ke sayar da dunƙulen magi, sabulu ko katin waya ɗai-ɗai. Akwai kuma mai saye ko mai cin bashi. Rahoton kamfani da ya tsaya kan ƙirga mata nawa ke zaune a ofishinsa na Kwatano bai taɓo ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗun ba.

Abin da dokar Benin ta tanada

Tsarin mulkin 11 ga Disamba 1990 ya tabbatar a sashe na 26 cewa mace da namiji daidai suke a gaban doka. Dokar ƙwadago ta 1998 ta hana bambanci wajen ɗaukar aiki, ta wajabta albashi ɗaya ga aiki ɗaya, ta kuma ba mace hutun haihuwa na mako goma sha huɗu. Dokar iyali ta 2004 ta sa shekarun aure 18, ta daidaita rabon gado tsakanin 'ya'ya maza da mata, ta kuma amince da auren mace ɗaya kawai. A 2006 an yi dokar hukunta cin zarafi ta hanyar neman lalata, a 2012 ta hana cin zalin mata, a 2013 dokar filaye, sannan a Disamba 2021 wata doka ta ƙara tsananta hukunci. A shekarar ce aka sake fasalin Cibiyar Mata ta Ƙasa, INF, aka ba ta ikon shigar da ƙara a madadin wadda aka zalunta. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 40,000 zuwa 52,000 a wata daga Janairu 2023.

A fagen siyasa, gyaran 2019 ya keɓe wa mata kujeru 24 cikin 109 na majalisar dokoki. Bayan zaɓen Janairu 2023 mata sun haura kashi ɗaya cikin huɗu, alhali a baya ba su kai kashi goma cikin ɗari ba. Mariam Chabi Talata, haifaffiyar Bembereke a jihar Bargu, ta zama mataimakiyar shugaban ƙasa a 2021.

Dokokin na da iyaka ta fuska uku. Da farko, kariyar ƙwadago na bin wanda ke da kwangila da rajista a asusun ma'aikata na CNSS, kuma mafi yawan mata ba su da ko ɗaya. Na biyu, dokar ɗaukar aiki ta 2017 ta halatta a riƙa sabunta kwangilar wa'adi ba iyaka. Ma'aikaciyar da ta ɗauki ciki ba sai an kore ta ba, ana iya barin wa'adinta ya ƙare kawai. Na uku, aure da yawa a Zango a masallaci ko ƙofar gida ake ɗaura su ba tare da takardar magajin gari ba, don haka matar da mijinta ma'aikaci ya rasu kan sha wahala wajen karɓar haƙƙinsa, balle idan ita ce ta biyu ko ta uku. A waɗannan wurare da doka ba ta kai ba ne ake gane kamfanin da ya ɗauki nauyi da gaske.

Kaɗanya

Babu sana'ar da ta fi kaɗanya nuna matsalar. Itacen ba shuka shi ake yi ba, a daji da gonaki yake fitowa, kuma yakan kai shekara goma sha biyar ko fiye kafin ya fara 'ya'ya. 'Ya'yan na zuba ne daga Mayu zuwa Agusta, daidai lokacin da aikin gona ya yi tsanani. Mata kan fita da asuba su tsinto, cikin haɗarin maciji da kunama, su ɗauko a ka. Daga nan sai cire tsoka, dafawa, shanya, fasa ɓawo da sake shanya. Mai son fitar da man kaɗe kuma sai ta soya, ta daka, ta niƙa, ta kwaɓa da hannu na sa'o'i, ta tafasa. Aikin na cin itace da ruwa, kuma duka biyun ita ke ɗebowa.

Buƙatar duniya ta ƙaru bayan Tarayyar Turai ta yi doka a 2000 da ta yarda a sa mai na wasu itatuwa har kashi 5 cikin ɗari a cakulan a madadin man koko. Kaɗanya na cikin waɗanda aka amince da su, kuma mafi yawan wadda ake fitarwa waje masana'antun abinci take tafiya, kaɗan ce ke shiga man shafawa. Ƙungiyar Global Shea Alliance, wadda aka kafa a 2011 da mazauni a Akara, ta ƙiyasta mata miliyan 16 ne ke wannan aiki a ƙasashe 21.

Inda mace ke asara shi ne lokacin sayarwa da wurin awo. Tana tsintar kaɗanya ne a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin taki da magani. Dole ta sayar da wuri, a kan farashi mafi ƙasƙanci na shekara. Ɗan sari ya saya da kwano, wanda ake cika shi har ya yi tozo, ya ajiye, ya sayar wa kamfani da kilo bayan wata uku ko huɗu farashi ya hau. Gwamnati kan buɗe kakar saye kowace shekara ta kuma yanke farashin ƙasa, amma kafin ranar buɗewa kaya da yawa sun riga sun bar hannun masu tsinta. Wasu manyan 'yan sarin da masu motocin ɗauka mazauna Zango ne, don haka tambayar nauyi ta shafi attajirin unguwa kamar yadda ta shafi kamfanin Turai.

An gwada hanyoyin gyara a yankin. A 1994 kamfanin The Body Shop ya fara sayen man kaɗe kai tsaye daga ƙungiyar mata ta Tungteiya a arewacin Gana. A 2009 kamfanin AAK na Suwidin ya fara shirin Kolo Nafaso a Burkina Faso, inda ake ba ƙungiyoyin mata wani ɓangare na kuɗi tun farkon kaka ba ruwa, a saya kai tsaye da sikeli, a koya musu dafawa da murhu mai cin itace kaɗan. Amfanin irin wannan tsari shi ne yana taɓa ainihin ciwon, wato rashin kuɗi a damina. Rauninsa kuma shi ne mai saye ɗaya ne ke yanke farashi da ma'aunin inganci. Dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta OHADA ta 2010 kan ƙungiyoyin gama-kai ta ba mata damar yin rajista su ƙulla kwangila da sunan ƙungiya, abin da ke ƙara musu ƙarfi a teburin ciniki.

Akwai kuma maganar mallakar itacen. Gona ta namiji ce a yawancin al'adun jihohin Bargu da Donga, mace izinin tsinta kawai take da shi. Idan mai gona ya sare kaɗanya don gawayi ko don ya dasa kashu, ba a tambayarta. Sa'annan duk lokacin da farashi ya yi kyau, maza kan shigo sana'ar ta ƙofar sari da sufuri, inda ribar take. Matakan da gwamnatoci suka ɗauka na hana fitar da ɗanyar kaɗanya, kamar na Burkina Faso da Mali a 2024 da na Najeriya a Agusta 2025, an yi su ne don ciyar da masana'antun gida, amma idan masu saye suka ragu, mai tsinta ce ke fara jin faɗuwar farashi.

Kashu da auduga

Kashu, wanda wasu ke kira yazawa, shi ne amfanin gona na biyu da Benin ke fitarwa bayan auduga, kuma yankunan Cawuru, Paraku da Jugu na cikin cibiyoyin nomansa. Shekaru da dama kusan duka ɗanye ake loda shi zuwa Indiya da Biyetnam. Masana'antun gida irin su Afokantan a Cawuru da Tolaro Global kusa da Paraku sun buɗe ƙofar aikin albashi, kuma mata ne suka fi yawa a sashen ɓare fata da tantancewa. Gwamnati ta yanke hana fitar da ɗanyen kashu da waken soya daga Afrilu 2024, don ciyar da masana'antu, musamman na yankin Glo-Djigbe da ke kudu kusa da Kwatano.

A wannan sana'a nauyin kamfani abu ne da ake iya gani da ido. Ɓawon kashu na da wani mai da ke ƙona fata, don haka safar hannu da man kariya wajibi ne. Aikin na kaka ne, biya kuma gwargwadon kilo, saboda haka abin dubawa shi ne ko abin da mace ta tara a wata ya kai mafi ƙarancin albashi, ko an yi mata rajista a CNSS, ko akwai ɗakin reno ga mai goyo, da bayan gida na mata daban, da hanyar kai ƙarar shugaban sashe da ya nemi wuce gona da iri. Akan kuma duba wa ke kan injin da wa ke kula da sashe, domin abin da aka saba gani a masana'antun yankin shi ne mata a kan benci, maza a kan inji da kujerar shugabanci.

Auduga ta fi girma nesa ba kusa ba. Benin ta haura tan 700,000 a wasu kakanni, ta shiga sahun gaba a Afirka, kuma kamfanin SODECO na da injinan gurza a Paraku. Tsarin yana bi ta ƙungiyoyin manoma na ƙauye: ana ba da taki da maganin feshi bashi, a cire kuɗin idan an sayar. Wanda sunansa ke rajista shi ake biya, kuma galibi maigida ne, ko da yake mata da yara ke yawancin tsinka. Ƙungiyar OBEPAB, wadda ta fara yaɗa noman auduga marar sinadari a 1996, ta nuna cewa idan aka cire bashin magani, mata kan fi samun damar riƙe gonarsu da karɓar kuɗinsu a hannunsu.

Jari, waya da takarda

Rashin jingina ne ke hana mata bashin banki, tunda fili da gida da wuya su kasance da sunansu. A 2007 gwamnatin Boni Yayi ta fara shirin ƙaramin bashi ga matalauta, da sefa 30,000 a matakin farko, kuma mata ne suka fi cin gajiyarsa. A 2020 aka kawo shirin Alafia, wanda ake biya ta wayar hannu. Akwai kuma asusun CLCAM da ke ƙarƙashin FECECAM a kusan kowace ƙaramar hukuma. Wannan ya mai da kamfanonin waya, MTN, Moov Africa da Celtiis, masu ruwa da tsaki a harkar. Kuɗin da ake cirewa a kowace hulɗa ya fi nauyi a kan mai cinikin dala-dala, saƙonnin kuma da Faransanci suke zuwa. Mace da ba ta yi boko ba takan miƙa wa yaro ko mai shago lambar sirrinta, wadda kuma layinta ke da sunan miji ba ta da cikakken iko da abin da ke ciki. Samun lambar shaida daga hukumar ANIP da layi da sunan kai ya zama matakin farko na cin gashin kai.

Wasu matan Zango kuma na ƙin bashin saboda kuɗin ruwa. Cibiyar da ke son kai musu sai ta tanadi hanyoyin da shari'a ta yarda da su, kamar saye a sayar musu da riba sananniya, ko ta gina a kan adashen da suka riga suka amince da shi.

Girgizar siyasa ma jarin mata ta fi duka saboda ƙanƙantarsa. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da rufe gadar Malanbil zuwa Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, sun tsai da manyan motoci, tare da su kuma cinikin masu tuwo, sakwara da koko da ke ciyar da direbobi a tashoshin Paraku.

Muhawara

Ra'ayoyi sun rabu a kan abu biyu. Na farko shi ne kalmar daidaito kanta. Malamai da dattawa da yawa a Zango sun fi son a ce adalci, suna ganin daidaito baƙon ra'ayi ne da ke neman rushe tsarin gida, suna kuma nuni da saɓanin dokar 2004 da hukuncin gado da aure a mazhabar Malikiyya. Amma a fagen ciniki tazarar ba ta da faɗi. Shari'a ta ba mace mallakar dukiyarta, miji ba shi da ikon taɓa ta sai da yardarta. Nana Khadija attajira ce mai ɗaukar maza aikin fatauci. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru don ilimi ya isa ga mata har ƙauye. Babu kuma malamin da ya halatta a auna wa mace da kwano ɗaya, namiji da wani.

Na biyu shi ne gaskiyar niyyar kamfanoni. Abin da aka fi gani da sunan RSE shi ne rijiyar burtsatse, ajin makaranta, buhunan shinkafa da azumi, da bikin ranar mata ta 8 ga Maris inda ake ɗinka atamfa iri ɗaya a ɗauki hoto. Waɗannan na da amfani, amma kamfani ne ke zaɓen lokacinsu da girmansu, yana kuma iya dainawa ran da ya ga dama. Masu suka na cewa wanda ya tauye mudu shekara guda ya raba sadaka rana ɗaya, da kuɗin mutane ya yi musu kyauta. Masu kare kamfanoni kuma na cewa ribar sarrafa kashu da kaɗanya siririya ce, gogayya da Asiya na da zafi, kuma ɗora wa masana'anta aikin gwamnati na iya rufe ta, matan su rasa na hannu. Akwai ƙarin wata damuwa: ƙara wa uwa ciniki ba tare da rage mata aikin gida ba yakan ƙare a kan 'yarta, wadda za a cire daga makaranta ta riƙe talla ko reno.

Ma'aunan tantancewa

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ma'aunai da kowa zai iya dubawa ba sai gwani ba. A wajen saye, ana duba ko da sikeli ake awo a gaban mai kaya, ko an sanar da farashi tun kafin kaka, ko kuɗin na shiga hannun matar da ta yi aikin. A masana'anta, ana duba kwangila a rubuce, rajistar CNSS, kayan kariya, komawa aiki bayan haihuwa, da yawan mata a cikin masu kula da sashe. A wajen rarraba haja, ana duba ko ana ba mata matsayin babbar dila da bashin kaya kamar yadda ake ba maza. A wajen manyan ayyuka masu cin fili, irin bututun man da ya taso daga Agadem a Nijar ya ratsa Bargu zuwa gaɓar teku a Seme, abin dubawa shi ne ko lissafin diyya ya haɗa da mai tsintar kaɗanya da ɗorawa, ko ya tsaya kan mai gona kaɗai. A wajen bayani kuma, ana duba ko ana yi da Dendi, Batonu, Fulatanci da Hausa ta gidajen rediyo irin su Fraternité FM a Paraku da Solidarité FM a Jugu.

Masu sa ido kan waɗannan ma'aunai sun kasu gida uku. Hukuma na da masu binciken ƙwadago, kotuna da cibiyar INF. Kasuwar waje na da masu saye da dokokin ƙasashensu suka tilasta wa bin diddigin kaya. Unguwa kuma na da ƙungiyoyin mata, shugabannin kasuwa, sarkin zango da limamai, waɗanda tun zamanin ayari su ne ke tabbatar da cewa an cika mudu an kuma biya la'ada. Gida na uku ya fi kusa da matan, shi ne kuma kamfanoni suka fi mantawa da shi idan za su tsara shirye-shiryensu.